Tukunyar Gindin Tsamiya: Littafin Aikin Ciyar da Yara, 2024

Lahadi, 12 ga Mayu

Bayan an tashi daga sujada mu matan Zumunta muka tsaya, Baba Fasto da dattawa biyu suka zauna tare da mu. Ni ce magatakardar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sumaila, don haka aka ɗora mini rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita. Na ga gara in rubuta har da abin da ido ya gani, don lissafin kwano kaɗai ba zai nuna yadda aikin yake ba.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. A firamaren da nake koyarwa, kafin ƙarfe goma sha ɗaya sai ka ga yara sun kifa kai a kan benci. Ba ƙiwa ba ce, ba su karya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, daga kuɗin mota zuwa kuɗin niƙa. Magidanta da yawa sun sayar da hatsinsu tun da kaka don biyan bashin taki, yanzu kuma suna sayensa da kwano a farashin da ya fi ninki biyu. Ko shuka ba a gama ba, rumbuna sun yi ƙasa. Kowa a nan ya san watannin wahala: daga Yuni har sabon gero ya shigo.

Mun tsai da shawarar dafa wa yara abinci kwana uku a mako, Litinin da Laraba da Asabar. Kowane gida na ikilisiya zai kawo kwano ɗaya na abin da yake da shi.

Asabar, 25 ga Mayu

Abin da aka tara: gero kwano 27, dawa 14, masara 9, waken suya 8, gyaɗa 5, da kuɗin baiko na musamman da bai kai na buhu ɗaya ba. Wata gwauruwa, wadda ni na san jikokinta suna cikin waɗanda za a ciyar, ta kawo rabin kwano na daddawa a ƙulle cikin tsumma. Mama Shugaba ta so ta mayar mata. Tsohuwar ta ce, "Yaya, in kin mayar mini kin ce ba ni cikin mutane." Aka karɓa.

Talata, 28 ga Mayu

Yau muka je gaida Mai Unguwa, ni da Mama Shugaba da dattijo ɗaya. Wannan ziyara ita ce ta sauya fasalin aikin tun kafin a hura wuta.

Mu a tunaninmu a harabar coci za a dafa, tun da akwai rumfa da randuna. Mai Unguwa ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Malama, aikin alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma in kun dafa a cikin coci, 'ya'yanku kaɗai za su ci. Na wancan ɓangaren za su tsaya a bakin danga suna kallo, iyayensu ba za su bari su shiga ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk jini ɗaya ne." Ya ce ya sani, shi ya sa yake faɗa mana gaskiya.

Kuma jini ɗaya ne ɗin. Kakanninmu Maguzawa ne. Wasu gidajen suka musulunta, wasu suka karɓi bishara, a gida ɗaya ma sai ka samu wa na zuwa masallaci, ƙane na zuwa coci. Goggona ta wajen uba Musulma ce, tuwon sallarta ba ya wuce ƙofarmu, shinkafar Kirsimetinmu ba ta wuce tata. Sai dai abinci a hannun coci, ana miƙa wa yaron da ba na coci ba, wannan wani abu ne daban, kuma mutane suna da dalilin yin tambaya. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da an ce ɗana ya je wani wuri ya ci abinci kullum, zan so in san me ake faɗa masa kafin a zuba.

Muka daidaita a kan gindin tsamiyar da ke kusa da fanfon tuƙa-tuƙa, inda kowa ke wucewa. Ba wa'azi, ba waƙa, ba tambayar yaro sunan ubansa don a gane ɓangarensa. Mu masu dafawa za mu yi addu'armu a coci da sassafe kafin mu fito. Mai Unguwa ya ce uwargidansa za ta riƙa zuwa da wasu mata biyu, a yi tsinta da wanki da rabo tare.

Litinin, 3 ga Yuni

An fara. Kunun gyaɗa mai kauri, yara 46. Goma sha ɗaya daga cikinsu ba 'yan ikilisiya ba ne. Moɗa ba ta isa ba, aka yi ta jira ana wankewa.

Laraba, 12 ga Yuni

Jami'ar lafiya ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ta zo ta koya mana haɗa garin da ake kira Tom Brown. Awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Kowanne ana tsince shi, a wanke, a shanya, a soya shi daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a ɓarza waken a sheƙe ɓawon, sannan a haɗa a kai inji. Ta ja mana kunne a kan gyaɗa: duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a zubar, kada a ce asara ce, tana ɗauke da guba mai lahanta hanta. Ta kuma ce kunun da muke ba yara a gidajenmu ruwa ya yi masa yawa. Cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da tsinkakken kunu ya ƙoshi a ido, jikinsa bai samu komai ba. A dama da kauri, a ɗiga mai ko manja.

Ta bar mana ma'aunin dantse mai launi uku, na yara daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. Ana zagaya shi a tsakiyar dantsen hagu. Kore lafiya. Rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 11.5, wannan ba na tukunyarmu ba ne, na asibiti ne.

Yara 68 yau.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi Babbar Sallah. Kafin hantsi ƙwarya ta yi ta zuwa gindin tsamiya da naman layya, daga gidan Mai Unguwa, daga gidan Liman, daga gidajen da ban zata ba. Muka yi dambun masara da zogale, aka yanka naman ƙanana yadda kowa zai samu. Wannan ne karo na farko da nama ya shiga tukunyar. Tun farko mun yanke cewa in har za a sa nama, sai wanda Musulmi ya yanka, don kada wani yaro ya ɗauki kwano da shakka.

Asabar, 29 ga Yuni

Akwai wani yaro, bai wuce shekara bakwai ba, kullum yakan zauna can gefe ya juya mana baya. Yau na zagaya na tsaya a kansa. Ya ci loma uku, sauran faten yana tura shi da yatsa cikin wata tsohuwar ledar sukari da ya ɓoye a aljihun wandonsa. Faten da zafi, ledar ta yi laushi, yana riƙe bakinta da haƙori. Da ya gan ni ya daskare. Na tsuguna na ce, "Ɗana, na wa ne?" Ya ce, "Na Inna ne. Tana da jariri."

Ban hana shi ba. Na ce ya cinye nasa a gabana, na zuba na Innarsa a kwano mai murfi. Da yamma muka zauna da Mama Shugaba. Uwa mai shayarwa in ba ta ci ba, jaririn shi ne zai zo mana a ja nan da wata shida. Daga mako mai zuwa masu ciki da masu goyo za su riƙa karɓar garin Tom Brown gwangwani biyu duk Asabar. Mata 13 muka rubuta. Na san garin in ya shiga gida ba ita kaɗai za ta sha ba, babu uwar da za ta dama kunu ta sha yara na kallonta. Duk da haka gara a bayar.

Alhamis, 11 ga Yuli

Wannan shafin da nauyin zuciya nake rubuta shi.

Mako biyu da suka wuce wata yarinya 'yar shekara takwas ta fara zuwa da ƙanwarta a goye, 'yar kimanin shekara biyu. Na auna dantsen ƙanwar, ya tsaya a bakin rawaya da kore. Kumatunta cike, ƙafafunta cike. Na rubuta "ba damuwa". Na lura ba ta cin abinci sosai, tana ture cokali, gashinta ya yi ja ya yi laushi, amma na ce ko haƙori take yi.

Jiya jami'ar lafiya ta biyo ta nan wajen rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata da damina. Tana ganin yarinyar ta ajiye jakarta. Ta sa manyan yatsunta a bayan ƙafafun biyu ta danna, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ramin yatsun ya zauna kamar a cikin tuwo mai ɗumi, bai taso ba. Ta ce, "Malama, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ita ce tamowa mai kumburi, ta fi mai ramewa saurin kisa." Ta ce duk yaron da ƙafafunsa biyu suka yi haka, ko me ma'auni ya nuna, asibiti za a kai shi a ranar.

Uban ba ya gari, ya tafi ci-rani bai dawo noma ba. Kakar ta ce sai an nemi izininsa. Uwargidan Mai Unguwa ce ta shiga ta yi magana da ita, ni da na shiga ba lallai a saurare ni ba. Aka samu babur, dattijonmu ya biya mai, aka kai ta babban asibiti. An kwantar da ita, an fara ba ta madara ta musamman kaɗan-kaɗan, tun da cikinta ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba.

Kwana goma sha huɗu tana zuwa gabana. Daga yau duk yaron da aka auna wa dantse sai an danna masa ƙafa, kuma mutum biyu ne za su duba.

Litinin, 15 ga Yuli

Yara 94. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu sakat. Mai inji ya ƙara kuɗin niƙa karo na biyu.

Lahadi, 21 ga Yuli

Wani bawan Allah daga birni, wanda ya ji labarinmu ta bakin wani ɗan garin nan, ya zo da niyyar ba mu buhu biyar na masara da kuɗin mai. Buhu ɗaya kwano 40 ne, buhu biyar zai kai mu har ƙarshen Satumba da ragowa. Amma yana da sharaɗi biyu. A riƙa ɗaukar hoton yaran da kwanukansu ana tura masa don ya nuna wa waɗanda suka ba shi kuɗin, kuma kafin a zuba abinci a yi ɗan gajeren labarin Littafi Mai Tsarki da waƙa ɗaya.

An daɗe ana muhawara a majalisar dattawa, aka kira mu muka faɗi namu. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya ce, "To in ba za mu ambaci sunan Yesu ba, me ya raba mu da masu sayar da abinci a tasha?" Tambaya ce ta gaske, ban raina ta ba. Abin da na ce shi ne, "Baba, a Matiyu sura 25 Ubangiji ya yaba wa waɗanda suka ga mayunwaci suka ba shi abinci, bai ce sun fara sa shi ya saurari wani abu ba. Kowa a garin nan ya san matan coci ne ke hura wutar nan tun asuba. Wanda yake son ya san dalili ya san ƙofar gidanmu. Amma yaro mai jin yunwa ba shi da ikon cewa a'a, duk abin da ka ce ya yi kafin ka zuba masa zai yi." Mama Shugaba ta ƙara da cewa mun yi wa Mai Unguwa alkawari a zaurensa, kuma yara fiye da 40 suna zuwa ne a kan wannan alkawarin.

Game da hoto kuwa, Baba Fasto ya tambayi dattawan ko akwai wanda zai yarda a ɗauki jikansa da kwano a hannu a watsa a Facebook. Ba wanda ya amsa. Muka ce za mu ba baƙon lissafi a rubuce, da hoton tukunya da buhuna da hannuwan masu aiki, ya kuma zo duk ranar da ya so ya gani da idonsa. Ya ce zai yi shawara. Ya bar buhu ɗaya ya tafi da sauran.

Ban yi barci sosai ba a daren nan, ina ta lissafin buhu huɗu.

Asabar, 3 ga Agusta

Ranar Alhamis aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano. Waken suya da man da muka aika a sayo mana a kasuwar Dawanau ba su iso ba. Ga marka, kwana uku rana ba ta fito ba, gulbi ya yanke hanyar babur. Yau fate aka yi da tsakin dawa da rama da yakuwa, ba wake. Yara 103, mafi yawa tun da muka fara. Na ƙarshe a layi ƙanzo suka samu da ruwan zafi.

Mun rage zuwa kwana biyu a mako.

Laraba, 14 ga Agusta

Da safe muka tarar da dami shida na busasshen itace a jingine da tsamiyar. Alaramman tsangayar bayan gari ne ya aiko almajiransa da su, daga rumfar da yake ajiye na karatun dare. Ƙananan almajiransa tara suna cin abinci a nan tun Yuli. Da farko wasu matanmu sun yi gunaguni, wai su ai suna da gidajen da suke bara. Amma gidan da ba a ɗora tukunya ba me zai ba almajiri? Na je na yi godiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, mun ga saƙo." Ya ce, "Malama, ku kuke da wahalar, mu itace kawai muka kawo."

Yarinyar nan mai kumburi ta dawo gida. Kumburin ya saɓe, sai yanzu ake ganin ainihin ramarta, hannu kamar sillen kara. Ana ba uwar 'yan fakitin gyaɗar tamowa na mako-mako daga asibiti. Mun roƙi kakar kada a raba wa sauran yara, magani ne. Don a samu sauƙin hakan, yayyenta biyu muna ƙara musu ludayi.

Akwai amai da gudawa a wani ƙauye gabas da mu. Mun sa buta da sabulu a bakin layi, ba mai karɓar kwano sai ya wanke hannu. Mun koya wa iyaye haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Litinin, 26 ga Agusta

Hatsi ya ƙare ranar Asabar. Matan Zumunta na ikilisiyoyi biyu da ke maƙwabtaka da mu sun haɗo kwano 31. Goggona ta aiko da kwano biyu na gero da take ajiyar iri, na mayar mata da ɗaya.

Wani abin takaici: dawa kwano goma da muka saya a kasuwa, da aka zo bakace aka tarar an cakuɗa ta da tsakuwa da dusa, kusan kwano biyu suka tafi. Daga yanzu ba a saye sai an zube a tabarma.

Asabar, 14 ga Satumba

Gero ya nuna. Yara sun fara zuwa da tumu a hannu, bakinsu baƙi da toka. Yau 57 kawai. Yaron nan mai leda ya zo ya zauna cikin sauran yara, ya cinye nasa tas, ya miƙa kwano a ƙara masa.

Litinin, 30 ga Satumba

Mun sauke tukunya. Daga 3 ga Yuni zuwa yau an dafa sau 43. Yara bakwai muka tura asibiti, shida sun dawo suna samun sauƙi. Ɗaya, jariri ɗan wata goma daga wata ruga, zazzaɓi ya haɗu masa da tamowa, ya rasu a hanya. Mun je gaisuwa tare da uwargidan Mai Unguwa. Garin Asabar na masu ciki da masu goyo zai ci gaba har ƙarshen shekara, su 16 ne yanzu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Yau aka yi godiyar kaka. Damman dawa da buhunan gero da kaji da kabewa suka cika gaban bagadi. A al'ada akan yi gwanjon kayan a sa kuɗin a asusun ikilisiya. Bana dattawa sun amince a ware kashi ɗaya cikin biyar na hatsin a ajiye don tukunyar baɗi. Baba Fasto ya karanta Farawa sura 41, inda Yusufu ya ba Fir'auna shawarar tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Dattijon da ya yi mini tambaya a watan Yuli shi ya fara ɗaga hannu, ya kuma ƙara dami uku daga gonarsa.

Babban kuskurenmu na bana shi ne mun fara neman hatsi a watan Mayu, lokacin da ya fi tsada kuma ba kowa ke da shi ba. Yanzu ne lokacin saye.

Asabar, 7 ga Disamba

Da Mai Unguwa ya ji maganar ajiya, ya ce labarin Annabi Yusuf ai nasu ne su ma. Ya yi shela bayan sallar Juma'a, jiya da yau aka kawo kwano 52.

Abin da ke ɗakin ajiya: gero buhu 4, dawa buhu 3 da kwano 12, masara buhu 2, waken suya buhu 1 da rabi, wake kwano 25, gyaɗa mai ɓawo buhu 2. Waken da masarar muna zuba su a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda in an matse iska an ɗaure kowane baki daban ƙwari ke mutuwa ba tare da an sa magani ba. An ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango. A lissafina wannan zai ɗauki yara 100 kwana uku a mako na wata uku, in an samu kuɗin mai da niƙa. Waken suya ne bai kai ba, ana bukatar ƙarin buhu ɗaya kafin farashi ya motsa.

Kwaɗo biyu ne a ƙofar. Makulli ɗaya yana hannun Mama Shugaba, ɗaya a hannun uwargidan Mai Unguwa. Ranar Talata za mu zauna da jami'ar lafiya a fitar da mata shida da za ta koya wa awon dantse da danna ƙafa, uku daga kowane ɓangare, don su fara zagaya gidaje tun watan Afrilu.